Iskar Halilu Ladan

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar bayan tasha a Dogon Dutsi ya san muryar Halilu tun kafin ya san fuskarsa. Fuskar ma ba wata abar tsayawa kallo ba ce: siririn mutum ne, baƙi, mai ɗan gemu, da tsagen Arawa daga gefen baki zuwa kunne. In ka gamu da shi a hanya yana tura tsohon kekensa, ba za ka waiwaya ba. Amma bari lokacin salla ya yi ya kama lasifikar masallacin 'yan kasuwa, sai ka ga mahauci ya tsaya da wuƙa a hannu, mata a cikin gida sun sassauta daka. Yana jan kiran salla da numfashi ɗaya har ka fara tausaya wa ƙirjinsa, shi kuwa ko a jikinsa. Ba albashi ake ba shi ba, bai kuma taɓa nema ba. Kiran nan shi ne kaɗai abin da yake da shi wanda ba wanda ya fi shi a garin, kuma ya san haka.

Ba a garin aka haife shi ba. Ɗan Sukukutane ne, ɗan farin Inna Altine, wadda duk karkarar ta san doguwa, iskar bori, tana hawanta. Ya tashi yana jin goge da ƙwarya a tsakar gidansu, yana ganin uwarsa tana birgima a ƙasa, manyan mutane suna durƙusa mata suna roƙon ruwa ko haihuwa. Washegari kuma ga ta nan tana surfe kamar kowace mace, shi kuwa ana kiransa ɗan mai iskoki a bakin rijiya. Yana son uwarsa, wannan ba shakka, amma sunan nan ya tsane shi kamar ya mutu. Da ya tasa sai ya hau amalanke ya zo Dogon Dutsi. Ya fara da dakon buhu a tasha, har Alhaji Gado, babban dillalin wake, ya lura ba ya ɗauke-ɗauke, ya damƙa masa makullin mangazarsa, wato ɗakin da yake tara buhuna. A nan ya haɗu da samarin 'yan kasuwa masu ɗage wando da zuwa wa'azi. Ya tsinke layun da Inna ta ɗaura masa, ya koyi karatu a kan tabarma bayan la'asar, ya auri Sahura, suka haifi Nusaiba. Ranar da tsohon ladani ya yi mura aka ce Halilu ya gwada, ba a sake karɓar lasifikar daga hannunsa ba. Daga nan sunansa ya koma Halilu Ladan, tsohon sunan kuwa ya bar shi can Sukukutane.

Wake shi ne arzikin Alhaji Gado, ƙwari kuma su ne abokan gabarsa. Duk bayan kaka ana jefa wani magani tsakanin buhuna, ƙwayoyi masu ruwan toka da 'yan kasuwa ke kira bom, a toshe ƙofa da tagogi a bar shi ya yi aikinsa. Halilu ya yi shekara da shekaru yana wannan aiki da tsumma ɗaure a hanci, ba abin da ya same shi. Sai wata bazara babbar mota ta iso daga ƙetaren iyaka tun lokacin buɗewa bai yi ba, direba yana ta danna hon yana cewa shi fa ba zai kwana ba. Halilu ya ɓalle ƙofa ya shiga don ya ga layin da 'yan dako za su fara. Da ƙafarsa ya shiga, a kafaɗar mutane ya fito. Ya yi 'yan kwanaki a gidan likita ana ƙara masa ruwa, aka sallame shi, kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba, aka manta.

Jikinsa kuwa bai manta ba. Da farko hayaƙin babura ne: in ya ratsa ta wajen 'yan kabu-kabu sai ƙirjinsa ya ɗaure, kansa ya sara, bakinsa ya yi ɗaci kamar ya tsotsi ƙusa. Ya canza hanya. Sai maganin sauro na fesawa, sai sabulu mai ƙamshi, sai sabuwar tabarmar roba da Sahura ta saya, wadda ta kwana ɗaya a ɗaki aka kyautar da ita. Abu kaɗan ya ishe shi, abin da wani ko jinsa bai yi ba. Alhaji Gado ya cire shi daga cikin mangaza ya mai da shi bakin sikeli a waje. In ya fita bayan gari wajen duwatsu ya zauna, kafin a jima ya dawo mutum, har ya ji yunwa. Yana komowa cikin gari abin ya komo. Kuma duk cikin abubuwan nan babu wanda ya kai turare.

To ina za ka kai mutumin da turare ke kayarwa, alhali wurinsa a bayan liman yake? Samarin masallacin nan ba su haɗa turare da komai ba. Babban abokin Halilu ma, Is'haƙa, sana'arsa ke nan. Yana da shago cike da 'yan kwalabe, kuma ba ya shiga sahu sai da ɗaya a aljihu, ya bi na dama da na hagu yana goga musu a bayan hannu yana neman lada. Dardumar masallaci ta sha ta ƙoshi, ga fanka a sama tana juya abin tana raba wa kowa. Da Halilu ya roƙi abokinsa ya riƙa tsallake shi, Is'haƙa ya ji ciwo har cikin ransa.

"Haba Ladan, turarena na asali na. Ni ba ni saida jabu."

Ya gwada takunkumi irin na zamanin korona, turare ya ratsa shi kamar ba ya nan, yara kuma suka samu abin dariya. Ya sayi ƙwayar alerji, ta masu atishawa da ƙaiƙayi, a farmasi, ta sa shi gyangyaɗi a bakin sikeli, ƙirjin yana nan yadda yake. Haka ya ci gaba da kira a ɗan lungun da lasifikar take, gefen mumbari, ya tada iƙama, ya tsaya. Liman yana kai tsakiyar sura sai tari ya sarƙe shi. Sau da yawa ya daure har sallama, idanu na zuba. Wata rana ya kasa, ya keta sahu yana dafa bango ya fita, ya durƙusa bakin kwata yana kakarin amai. Aka sake, aka kuma sakewa. Ba wanda ya ce komai a gabansa, amma kowa a Dogon Dutsi ya san irin abin da ke gudu in ana karatun Alƙur'ani, kowa kuma ya tuna ɗan wace ce.

Alhaji Gado, wanda abin ya tsaya wa a rai don a mangazarsa aka fara, shi ya tura shi Yamai wajen wata likitar ƙirji, Is'haƙa ya raka shi. Tafiyar kanta azaba ce, don Is'haƙa ya yi wanka da hajarsa kafin su hau mota, Halilu ya yi hanyar kaf da kansa a bakin taga. An ɗauki hoton ƙirji, an ɗebi jini, an ba shi wani bututu ya hura har jiri ya ɗebe shi. Komai lafiya lau. Likitar mace ce mai natsuwa, Bazabarma, ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Ta saurare shi fiye da yadda kowa ya taɓa saurarensa a kan maganar, wani majo, babban ma'aikacin jinya, yana fassara mata. Sa'an nan ta yi dogon bayani da Faransanci tana juya hannu. Abin da ta faɗa, in an bi shi daki-daki, shi ne akwai mutane irinsa, waɗanda bayan sun shaƙi guba jikinsu ke daina jure abin da kowa ke jurewa. Wasu likitoci suna kiran abin sansibilite a lambironma. Sunan bai gamsar da kowa ba, don wani in ya faɗe shi alerji yake nufi, wani yana nufin tsoro ne ya zauna a jiki, wani kuma yana nufin bai san ko mene ne ba. Ita dai ta yarda yana shan wahala, kuma maganin da ta sani shi ne ya guji abin da ke tayar masa.

Majon yana da layin mutane har bakin ƙofa, ga shi bai ci abincin rana ba. Ya dunƙule maganar ya miƙo musu.

"Ta ce ba su ga komai ba. Iskar wuri ce ba ta yi maka. Ka kiyayi iska."

Is'haƙa, wanda ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, ya kama kalma ɗaya cikin Faransancin ya riƙe. "Ambironma? Waɗanga masu kama mutane in sun sari icce? Mi yag gama Ladan da su?"

"Ba 'yan gandun daji ba," in ji majo. "Abin da ke kewaye da mutum ake nufi. Iska dai, iska." Ya leƙa waje ya kira na gaba.

Halilu ya gane iskar da ake nufi, ya ma ji daɗi, don karo na farko ke nan da wani ya ba wahalarsa suna. Bai lura da fuskar Is'haƙa ba. Ba su kai Dosso ba a hanyar komawa, Is'haƙa ya kira waya ta fi a ƙirga, yana kare baki da tafin hannu: "Wallahi da kunnena nij ji. Sun auna komi ba su ga komi ba. Likita da kanta tac ce iska ta."

Nan fa abin haushin yake. Da Hausa ta tashi ba abin da muke shaƙa suna, da kuma abin da ke shiga mutum ya kayar da shi, sai ta yi rowa ta ba su suna ɗaya. A wani gari wataƙila a tsaya a tambaya wacce daga ciki. A ƙasar Arawa, inda kowane dutse da kowace tsamiya ke da mai ita, ba a tambaya. Kafin motar ta iso tasha an gama yanke hukunci: abin da uwa ta tara ya biyo ɗa, kuma har 'yan boko sun shaida.

Ya yi bayani har bakinsa ya gaji. "Iskar shaƙa, jama'a! Wagga da ka shiga hanci! Ba waccan ba!" Sai a gyaɗa kai cikin tausayi a ce Allah ya ba da lafiya. Ya gwada faɗin sunan Faransancin ko zai fi kwarjini, sai wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ke salla tare da su ya ce ai sansibilite ana faɗinta ne ga mai raki, wanda abu kaɗan ke sa shi hawaye. Sai ya zama kalmar da ya ɗauko tun daga Yamai ta rabe gida uku, ba ko ɗaya da ya yi masa rana: ko mai iskoki, ko mai raki, ko wanda ya yi rigima da 'yan gandun daji. Kwamitin masallaci ya ce ya ɗan huta tukuna, wani mai shagon waya ya riƙa kira kafin ya samu sauƙi. Halilu yana zaune a gida yana jin kiran yana tsinkewa, mutumin yana jan numfashi inda ba a ja, sai ya tashi ya shiga ɗaki ya rufo ƙofa.

Mutum ɗaya ce ta yarda da shi, Sahura, ita ma don ita ke zaune da tarin. Ba ta jira wani suna ba. Ta kwashe turaren wutarta da humrarta ta kai gidan ƙanwarta, ta koma sabulun salo, ta hana Nusaiba man shafawa mai ƙamshi. Mata a wurin biki suka fara tsokanarta, wai matar Ladan ba ta ƙamshin komai sai murhu. Ta shanye. A gidan nan Halilu lafiyarsa lau, yana cin tuwo yana neman ƙari, sai wannan ma ya zama hujja a kansa: ga shi garau a gida, sai a ɗakin Allah yake faɗuwa.

Da damina ta sauka ya tafi Sukukutane don ya huta da idanun mutane. Can cikin gero da yashi, inda babur ke wucewa jefi-jefi, ya yi noma kamar saurayi, ko tari ɗaya. Inna Altine ta tsufa, ganinta ya ragu, amma labari ya riga shi isowa. Ba ta kama sunansa, don ɗan fari ne. Har yau da furfurarsa Yaro take ce masa.

"Yaro, ka ga yadda kas samu lahiya nan? Doguwa ta, gida taka so ka komo. Tun kana ciki taz zaɓe ka. Ka tsere, ka tsinke abin da niɗ ɗaura maka, to ga shi ta bi ka har birni."

"Inna, maganin wake na nish shaƙa. Guba ta. Likita tac ce..."

"Likita tac ce iska ta, an hwaɗa man. Su ma sun sani, kunya ɗai suka ji."

Da yamma, ba tare da ta yi shawara da shi ba, ta zuba garwashi a kasko ta barbaɗa turaren doguwarta, ta shigo da shi ɗakin da yake hutawa. Halilu ya fito a guje ba takalmi, ya faɗa cikin gona yana tari kamar ransa zai fita. Tsohuwa ta tsaya bakin ƙofa da kaskonta, fuskarta cike da murna, abin da ya fi tarin ƙona masa rai.

"Ta ji ƙamshin kayanta," ta ce. "Ta motsa."

Washegari ya nemi mota ya koma gari.

Limamin masallacin, Malam Nasiruddeen, bai kai Halilu shekaru ba. Mutumin kirki ne, ba za a hana shi wannan ba. Ya yi karatu a Kano ya dawo da littattafai da Hausar can, kuma yana ƙaunar ladaninsa da gaske. Halilu ya same shi bayan azahar, ya tsaya ɗan nesa don ƙamshin rigarsa, ya roƙi abu ɗaya: sahun farko su bar turare, a wanke darduma a shanya.

"Malam Halilu," liman ya ce a hankali, "ka san abin da kake nema? Turare sunna ne. In na hau mumbari na ce a bar sunna saboda wani ba ya jure ta, me zan ce wa Allah? Kuma ka tsaya ka yi tunani. Wane ne ba ya son ƙamshi? Wane ne ke gudun karatu?"

"Allah gafarta Malam, ni ba ni gudun karatu. Gida nika karatuna, lahiya lau."

"To ka bari a yi maka ruƙya. In babu komai, ba abin da zai same ka. In an gama lafiya, lasifikarka tana jiranka."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kama shi. Sahura ta ce kada ya je. "Baban Nusaiba, hayaƙi za su yi maka, ka sani." Ya sani. Amma ya ce a ransa ai karatu ne, karatu kuwa bai taɓa cutar da shi ba, in ya daure na ɗan lokaci magana ta ƙare.

Bayan la'asar aka shigar da shi ɗan ɗakin da ke jikin masallaci. Liman, da Is'haƙa, da wasu ƙarti masu riƙewa. Aka rufe ƙofa, aka rufe taga. Malam ya fara karatu a kunnensa, Halilu yana bi a zuci, hankalinsa kwance, har ya fara jin daɗi. Sura ta wuce, wata ta wuce, ba abin da ya motsa. Da a nan aka tsaya, da an rabu lafiya. Sai ɗaya daga cikin ƙartin ya ce wasu suna da taurin kai, sai an matsa musu. Aka kawo garwashi aka zuba habbatus sauda da wasu ƙulle-ƙulle, aka lulluɓe shi da bargo shi da kaskon. Is'haƙa, da ƙwalla a idonsa don son abokinsa, ya buɗe kwalbar miski mafi kyau a shagonsa, ya zura hannu ya shafa masa a ƙarƙashin hanci.

Abin da ya biyo baya an ji shi har bakin titi. Ƙirjin Halilu ya rufe kamar an ɗaure bakin buhu. Ya yi fatali da bargon, ƙarti suka danne shi. Maƙogwaronsa ya shaƙe, abin da ke fita ya koma gurnani.

"Ku bar ni in hita!"

"Allahu akbar!" ɗakin ya ɗauka. Malam ya ƙara ɗaga murya. "Za ka fita?"

"Za ni hita! Don Allah ku bari in hita!"

"A ina ka shige shi?"

"Mangaza... tun mangaza na..."

"Ta ina za ka fita?"

"Ta ƙohwa! Ku buɗe ƙohwa!"

Suka buɗe ƙofar da sauri don kada ya sake shawara. Halilu ya rarrafa ya faɗi a kan yashi, a hankali numfashi ya dawo. Da ya buɗe ido ya ga mutane sun kewaye shi suna kabbara, Is'haƙa ya rungume shi yana kuka. An ga abin da ido: aljani ya yi magana, ya faɗi inda ya shiga, ya nemi hanya, an buɗe masa, ya fita, mai jiki ya farfaɗo. Halilu ya buɗe baki zai gyara maganar, sai liman ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Juma'ar nan kai za ka kira." Sai ya rufe bakinsa. Allah ya sani yana jin kunyar kansa, amma ya rufe.

Ranar Juma'a masallaci ya cika har waje, har da waɗanda ba nan suke salla ba, an zo ganin wanda aka cire wa iska. Kowa ya sha wanka ya sha turare, don ranar farin ciki ce. Halilu ya shigo a ƙurarren lokaci yana jan numfashi kaɗan-kaɗan ta baki. Kafin ya kai lungun lasifika ya gaisa da hannuwa ba adadi, kowanne ya bar masa rabonsa a tafi. Liman ya hau mumbari ya yi sallama ya zauna. Halilu ya kama lasifikar da ya yi watanni bai taɓa ba. Kabbarorin farko suka fita yadda aka san su, cikakku, har wani tsoho a sahun baya ya fashe da kuka. A kalmar shahada muryar ta fara tsagewa. Da ya zo kiran mutane zuwa ga salla, sai tari, tari mai ƙarfi, lasifika ta ɗauka ta watsa wa unguwa kaf. Ya yi ƙoƙarin ci gaba, abin da ya fito gurnanin nan ne na ɗakin ruƙya. Mai shagon waya ya taso ya karɓa ya ƙarasa. Halilu ya keta sahu ya fita, mutane suna janye riguna daga hanyarsa.

Bai tafi gida ba. Ya yi sallarsa a bayan masallaci a kan yashi, ya zauna gindin dogon yaro har jama'a suka watse, ƙirjinsa ya saki. Da liman ya fito tare da Is'haƙa da dattawan kwamiti, ya miƙe ya tare su. Wannan karon bai yi rawar baki ba, bai kuma bari a katse shi ba. Ya faɗa musu komai daga farko, tun daga maganin wake har majon da ya dunƙule magana. Ya ce wanda ya yi ihu a ɗakin ruƙya shi ne, Halilu, ƙofar da ya roƙa kuma ƙofar katako ce, wadda suka rufe da hannunsu. Ya ce ya yi shiru ranar nan don kwaɗayin kira, Allah ya yafe masa. Sa'an nan ya kawo shawarar da ya yi ta juyawa a gindin itacen.

"Ban ce kowa shi bar turare ba, na janye wagga magana. Waya ɗai nika roƙo. A ƙara ma lasihika tsawon waya, a hiddo ta ta taga, in tsaya nan gindin iccen ga in yi kira. In yi sallata nan waje, ƙarshen sahu. Ku gwada ni ku gani. In niy yi tari, ku amshe abinku."

Shawara ce mai kyau, kuma ba wanda ya kasa ganin haka. Wani dattijo ya ce waya ai ba wuya gare ta ba. Is'haƙa ya ce shi zai sayo ta yau ɗin nan. Suka juya ga liman. Malam Nasiruddeen ya daɗe yana kallon Halilu, ba da fushi ba, da tausayi, irin tausayin da gara a zage ka da a yi maka shi. Ba idonsa yake kallo ba, kamar wani yake nema a bayan idon.

"Kun ji wayonsa ko?" ya ce da dattawan, murya ƙasa-ƙasa. "Aljanin ya dawo. Yanzu so yake a fitar da bawan Allah daga masallaci gaba ɗaya, a kuma miƙa masa lasifika."

"Malam, ni na! Ni ka magana! Halilu na!"

"Na sani, Malam Halilu. Kai ba ka da laifi, kuma ba za mu bar ka ba, za mu sake zama. Amma kiran salla amana ne. Ba zan bari murya ta fita a kan unguwa ba alhali ban san ko ta wane ne ba."

Dattawan suka gyaɗa kai, har da wanda ya ce waya ba wuya gare ta ba. Halilu ya buɗe baki, ya lalubi kalma ɗaya tak da zai faɗa a yarda tasa ce, bai samu ba. Yana tsaye suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi masa addu'ar samun lafiya.